Turakun wuta ma abin ɗauka ne a hoto, in an san yadda ake karanta su

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida mai albarka in ja hankalin matasanmu masu sha'awar ɗaukar hoto zuwa ga wani abu da suke gani kullum suna kauce masa, wato turakun wutar lantarki da wayoyinsu. Duk wanda ya tsaya zai ɗauki ƙofar gari, ko hasumiyar masallaci, ko faɗuwar rana a bayan gari, abin da yake fara yi shi ne matsawa gefe don kada falwaya ta shiga masa hoto. In ta ƙi fita, sai ya goge ta da manhaja. Ni a ganina falwayar nan ita kanta abin ɗauka ce, kuma hotonta, in an ɗauke shi da sani aka rubuta wuri da rana, zai yi wa 'ya'yanmu amfani nan da shekara 30 fiye da tarin hotunan faɗuwar rana da suka cika wayoyinmu.

A wasu ƙasashe wannan sha'awa ce mai mabiya. A Birtaniya akwai ƙungiyar masu son manyan turakun ƙarfe, Pylon Appreciation Society, da aka kafa a 2005, a ƙasar da ta dasa turken farko na babban layinta a 1928 kusa da garin Falkirk. A Japan, inda wayoyi suka yi saƙar gizo-gizo a saman tituna, gidan zane-zane na Nerima da ke Tokyo ya yi baje koli a 2021 kan zanen wayoyin lantarki zalla. A Jamus kuwa Bernd da Hilla Becher, miji da mata, sun kwashe sama da shekara 40 suna ɗaukar tankunan ruwa da gine-ginen masana'antu da salo guda bai sauya ba, kuma zan komo kan salon nan nasu domin shi ya fi dacewa da aikin da nake magana a kai.

Namu turakun suna sauyawa a idonmu. Tun daga zamanin hukumar lantarki ta ECN a shekarun 1950, zuwa buɗe madatsar Kainji a 1968, zuwa NEPA a 1972, PHCN a 2005, da miƙa rarraba wuta ga kamfanoni irin su KEDCO da takwarorinsa na Jos da Yola a Nuwamban 2013, kowane zamani ya bar nasa kayan a bakin titi. Falwayar katako tana ɓacewa, ta kankare na maye gurbinta. Insuleta, wato abin da ke riƙe waya ya hana wuta bin turke, ta tangaran da ta gilas suna ba ta roba wuri. Turakun wayar tarho na NITEL sun kusa ƙarewa, kuma da wuya ka sami wanda ya adana hotonsu da sunan titin da suke.

Kafin a ɗaga kyamara sai an iya karanta turke, domin wanda bai san abin da yake kallo ba yakan yanke ainihin abin ya bar kara. Ƙarfin wuta da bolt ake auna shi, dubunsa kuma kilobolt, wanda ake rubutawa kV. Falwayar cikin unguwa, wadda gidaje ke jan wuta daga gare ta, tsawonta wajen mita 8 da rabi ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin shida nata a ƙasa yake binne, saboda haka abin da ido ke gani bai fi mita 7 da ɗan kai ba. Wayoyi huɗu take ɗauke da su, ɗaya bisa ɗaya, uku masu wuta ɗaya nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, kowace a ɗaure jikin wata 'yar insuleta mai kama da kwarkwaron masaƙi. Tsakanin waya mai wuta da nutural bolt 230 ne, tsakanin biyu masu wuta kuwa 400 zuwa 415. Falwayar da ta fi ta tsawo, mai mita 10 da ɗoriya, wayoyi uku ne a kanta, an baza su a kan gicciyen katako ko na ƙarfe. Wannan ita ce ta kV 11 ko kV 33. Sau da yawa za a ga duka biyun a turke guda, manyan a sama, na unguwa a ƙasa.

Yadda ake rarrabe kV 11 da kV 33 shi ne duba insuleta. A inda layi ya miƙe, wayar na zaune ne a kan insuleta mai tsayuwa, kuma ta kV 33 ta fi girma da yawan lebatu, tazarar wayoyinta ma ta fi faɗi. A inda layi ya yi kwana ko ya ƙare, da faya-faye ake janye wayar, waɗanda suke kamar farantai da aka jera a tsinke. Faifai ɗaya galibi kV 11 ne, uku kuma kV 33. Wannan lissafin ba ya aiki a kan insuleta ta roba, doguwar nan mai launin toka, domin ita guda ce, tsawonta kawai ake dubawa. A wajen kwanar ne kuma ake samun wayar tokare, wadda ta sauko daga wuyan turke ta nutse a ƙasa don kada nauyin layi ya rinjaye shi. Hoton falwayar kwana da aka yanke wannan waya a cikinsa bai cika ba, domin an cire abin da ke bayyana dalilin tsayuwarta.

Wurin taransifoma shi ya fi ko'ina yawan abin kallo, kuma daga sama ake karanta shi zuwa ƙasa. A can sama akwai makaran tsawa guda uku, sai fiyus uku masu kama da sanduna a karkace, sai wayoyi su sauko kan taransifomar, daga nan kebul ya shiga akwatin ƙarfe mai rarraba wuta, ya sake hawa falwaya zuwa unguwanni. In aka ga ɗaya daga fiyus ukun ya faɗo yana reto, layin nan ɗaya ya tafi, shi ya sa wasu gidaje ke da wuta wasu babu. A jikin taransifomar akwai allon ƙarfe mai ɗauke da girmanta, irin su kVA 200, 300 ko 500 (kVA ma'aunin nauyin wutar da take iya ɗauka ne), da sunan kamfanin da ya ƙera ta da shekara. Wannan allo daga wajen shinge ake ɗaukarsa da lensi mai jawo nesa. In bai karantu daga nan ba, a haƙura da shi.

Manyan turakun ƙarfe na kamfanin TCN mai dakon wuta iri biyu ne, na kV 132 da na kV 330. Na kV 330 shi ne wanda ya taso daga Shiroro ya sauka Mando a Kaduna ya wuce Kumbotso a Kano, da wanda ya bi Gombe da Damaturu zuwa Maiduguri, da na Kainji zuwa Birnin Kebbi. Daga Birnin Kebbi layin kV 132 ya tsallaka zuwa Yamai, wani kuma ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa a Nijar yana ba Maraɗi da Damagaram wuta. A nan ma faya-faye ake ƙirgawa: wajen 10 a jere kV 132 ne, wajen 20 kuma kV 330. Wata alamar ita ce a layin kV 330 kowace waya tagwaye ce, biyu suna tafiya tare da ɗan ƙarfe a tsakani mai hana su haɗuwa. Wayoyin uku-uku ake ƙirga su. Turke mai hannuwa uku dama uku hagu layi biyu yake ɗauke da su. Siririyar wayar da ke can ƙoli, wadda ba ta da faya-faye, ita ce mai karɓar aradu ta kai ta ƙasa, kuma a wasu layukan akwai zaren gilas na sadarwa a cikinta. Kusa da inda waya ta kama insuleta za a ga wasu ƙananan ƙarafa kamar 'yar taɓarya mai kai biyu suna rataye. Aikinsu shanye karkarwar da iska ke sa wa waya, don kada ta yi ta lanƙwasa a wuri guda har silinta su tsintsinke. In faya-fayen na reto a tsaye, turken riƙe waya kawai yake yi. In suna kwance suna ja ta gaba da baya, da wata waya ta zagayo ta ƙasa kamar sarƙar wuya, turken ja ne, kuma za a ga ƙafafunsa sun fi kauri da buɗewa.

Sai maganar haske, wadda ta dogara da lokacin shekara. Hazon hunturu da masu hoto ke ƙi, a wannan fanni alheri ne. Yana mai da sama fara fat kamar takarda, ya kashe inuwa, kowane ƙarfe ya fito da kansa, kuma turakun da ke jere suna dusashewa ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya narke a cikin hazon. Irin wannan sama mai lumshi su Becher suke jira kafin su ɗauki hoto. Da damina kuwa lokacin da ya fi shi ne bayan an ɗauke ruwa da la'asar, iska ta wanku, in akwai baƙin gajimare a gabas, rana ta buga daga yamma. Ƙarfen turke yakan yi fari kamar azurfa a gaban duhun. Tsakar ranar bazara ɓata lokaci ce ga mai doguwar lensi, domin zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa iska rawa, turke mai nisan rabin kilomita ya fito a lanƙwashe kamar an gan shi a cikin ruwa, kuma ba saitin da zai gyara wannan. Da hantsi kafin ƙasa ta ɗau zafi ake irin wannan hoton. Mai son jan sama na magariba ya sani cewa a ƙasar Hausa daga faɗuwar rana zuwa duhu abin bai fi minti 20 zuwa 25 ba. Da rana tsaka ake zuwa a zaɓi wurin tsayawa, a dawo a shirye.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa gindin turke a ɗaga waya sama. Babbar lensin wayar salula mai faɗin gani ce, kwatankwacin milimita 24 zuwa 26, kuma da zarar an karkata ta sama sai layukan tsaye su tsuke, turke ya yi kamar zai faɗi ta baya. Maganinsa a ja da baya nisan da ya ninka tsawon turken sau biyu ko uku, wato mita 20 zuwa 30 ga falwaya, mita 100 ko fiye ga babban turke, a riƙe wayar a miƙe sak, a kunna layukan murabba'i na allo, a yi amfani da lensin 2x ko 3x in wayar na da ita. Jawo hoto da yatsu fiye da ƙarfin lensin yanka ne kawai da hurawa, kuma siririyar waya ita ke fara lalacewa. Ga mai kyamara, lensin milimita 50 zuwa 85 ta isa turke guda. Ta milimita 200 kuma tana matse tazara, falwayoyin da ke da mita 50 a tsakaninsu su fito a jere kamar haƙoran matsefi, wayoyinsu na saukowa suna hawa. In ana son a nuna cewa falwaya ta karkata da gaske, ba hannun mai hoto ne ya goce ba, a sa kusurwar wani gini a cikin hoton, ko a rataya ɗan dutse da zare a gefe ya zama shaida.

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai tsawon turke ana iya auna shi ba tare da an hau shi ba. A kafa sanda mai mita 1 a ƙasa a auna inuwarta, sannan a auna inuwar turken da taku. In inuwar sanda mita 1 da rabi ce, ta falwaya kuma mita 12, tsawon da ke waje mita 8 ke nan.

Sama tana yaudarar ma'aunin hasken kyamara. Da ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, turke ya fito baƙi ƙirin ba a ganin komai a jikinsa. Mai son a ga tsatsa da noti da lamba ya ƙara haske da mataki ɗaya, wato +1, wani lokaci har +1.3. Mai son inuwar turke baƙa a kan jan sama ya rage zuwa -1. A wayar salula ana danna jikin turken a riƙe har saitin ya kulle, sannan a ja 'yar alamar rana sama ko ƙasa. Fokas ma yakan ba da wahala, domin waya siririya ce, kyamara ta yi ta nema tana komawa kan gajimare. A ɗora shi kan insuleta ko gicciye, inda akwai kauri da bambancin launi. Ƙofar haske, wato faɗin hudar lensi, f/8 ta wadatar, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 100 ko 200 da rana. In aka tsuke ta wuce f/16 hoton yakan yi laushi, kuma duk ƙurar da ke cikin kyamara sai ta bayyana a sama kamar ɗigon tawada. Shi ya sa ba a sauya lensi a fili lokacin hunturu, a ɗaki ko cikin mota ake yi, da bakin kyamara yana kallon ƙasa, kuma da 'yar robar hura iska ake kore ƙura, ba da baki ko gefen riga ba. Da doguwar lensi a hannu kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza 1/500 na daƙiƙa. In tsuntsu ake so a kan waya, kurciya ko hasbiya ko tsanwaka, ko hankaka mai sheƙa a hannun babban turke, sai 1/1000 zuwa 1/2000 don a kama shi yana tashi.

Akwai aibobi uku da suka fi addabar hoton waya. Na farko shunin da ke bin gefen waya a gaban farar sama, wanda daga gilashin lensi yake, yana raguwa in an tsuke ƙofar haske daga f/4 zuwa f/8, kuma manhajojin gyaran hoto na cire shi da dannawa ɗaya in an ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. Na biyu farin layi da ke zagaye waya kamar an bi ta da alli, wanda wayar salula ke jawowa garin ƙara wa hoto kaifi, kuma ƙara kaifi da hannu tsananta shi yake yi. Na uku wayar da ta fito da tsani-tsani maimakon santsi, wanda ke faruwa in an matse hoto. WhatsApp na matse duk hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, saboda haka a tura shi a matsayin fayil. Mai son farin wata a bayan turke kuma ya san cewa wata ƙarami ne a kyamara, ko da lensin milimita 300 faɗinsa bai kai milimita 3 ba a kan farantin ɗaukar hoto. Dabarar ita ce a yi nisa ƙwarai da turken, mita 500 ko fiye, a ranar 13 ko 14 ga wata, lokacin da yake fitowa daga gabas sama na da sauran haske.

Malam Edita, abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne rai. Wutar babban layi ba ta jiran a taɓa ta, tsalle take yi ta cikin iska. Ƙa'idar Najeriya ta ware filin da ba a gini a ƙarƙashin layi: mita 11 ga kV 11 da kV 33, mita 30 ga kV 132, mita 50 ga kV 330, rabi kowane gefe, kuma hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki ce ke sa ido a kai. Mai hoto ya ɗauki bakin wannan fili a matsayin iyakarsa. Ba a hawa turke, ba a hawa soro ko saman mota kusa da layi don neman kusurwa, ba a ɗaga sandar ɗaukar hoto ko mazaunin kyamara mai ƙafa uku sama da kai, domin na alminiyam da na baƙin zaren kabon duka suna ɗaukar wuta. Ba a jingina da wayar tokare, ba a taɓa shingen taransifoma. Waya tana miƙewa ta ƙara saukowa in ta ɗau zafi, tsayin da aka gani da safe ba shi ne na azahar ba. In aka tarar da waya a ƙasa a ɗauka tana da wuta ko da an ɗauke a unguwa, a tsaya nesa da mita 10 aƙalla. Wanda ya tsinci kansa kusa da ita ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali ba tare da ɗagawa ba, domin wutar na bazuwa a ƙasa tana raguwa, kuma dogon taku na sa ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Ga hadari kuma, sauti na cin kilomita 1 a daƙiƙa 3. In tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, a tattara kaya a shiga gini ko mota.

Turawa na son wani hoto da ake tsayawa tsakiyar ƙafafun babban turke a kalli sama, ƙarafa su fito kamar zanen hula. Yana da kyau, amma ban ba kowa shawarar yinsa a nan ba. Wasu turakunmu ɓarayi sun kwance musu ƙarafan ƙasa, sannan duk wanda aka gani a gindin turke da na'ura a hannu zargi zai hau kansa, kuma zargin na da tushe. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, aka gyara a watan Maris, aka sake tarwatsa su cikin 'yan kwanaki. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin da ke kawo wuta ta Binuwai ya sami matsala. Mutumin ƙauyen da ya tare baƙo a bakin layi aikin alheri yake yi. Don haka a fara da gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo mutum, a riƙe katin shaida, a je da rana, mutum biyu sun fi ɗaya. In 'yan banga ko jami'an Sibil Difens suka yi tambaya a nuna musu hotunan ba gardama. Tashoshin wuta da barikoki ba a ɗaukarsu sai da izini a rubuce, jirgi mara matuƙi ma sai da izinin hukuma, kuma kusa da layi ba wurin tashinsa ba ne. Inda ake fama da 'yan bindiga kuwa ba hoton da ya kai a shiga daji dominsa. A cikin gari, falwaya na kusa da katangun mutane, a kula kada lensi ta leƙa tsakar gidan wani.

Yanzu ga salon su Becher da na ce zan komo kansa. Kowane abu daga gaba sak suke ɗaukarsa, daga tsayi iri ɗaya, a haske iri ɗaya, ya cika hoto daidai da ɗan'uwansa, sannan su jera tara ko goma sha biyu a allo guda. Da an jera sai bambanci ya fito da kansa. A gwada da falwayoyi tara na titi guda, za a ga wannan gicciyenta katako ne waccan ƙarfe, wannan wayoyin gidaje biyar ne a wuyanta waccan sun fi 30 sun cukurkuɗe, wannan an manna mata takardun zaɓe har sun yi ɓawo. Kowane turke hoto uku yake buƙata: ɗaya gaba ɗayansa da abin da ke kewaye da shi, ɗaya na kansa, ɗaya na gindinsa da lambarsa in yana da ita. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan unguwa da titi, domin su jeru da kansu a kwamfuta. A ajiye kwafi biyu a wuri biyu. A koma wuri guda a wata guda kowace shekara, a tsaya inda aka tsaya bara.

Mai yin haka zai fara ganin ciwon turke kafin ya faɗi. Kankaren da ya tsage har rodi ya bayyana yana tsatsa, ruwa ne ya shiga, rodin ya kumbura ya fasa shi daga ciki. Falwayar katako a daidai bakin ƙasa take ruɓewa, inda danshi da gara suka haɗu, ko da samanta na nan garau. Faifan gilas in ya lalace tarwatsewa yake yi gaba ɗaya ya bar giɓi a jeri, ana ganinsa daga nesa, na tangaran kuwa yakan tsage ya zauna kamar lafiyarsa ƙalau, sai baƙin tabon ƙuna ne ke tona shi. Jiƙewar mai a jikin taransifoma, da fiyus da aka maye da guntuwar waya, da reshen darbejiya da ke goga layi, duka abubuwa ne da hoto mai kwanan wata zai sa a saurari mai ƙorafi a ofishin kamfanin wuta. Amma hoton babban turken da aka kwance wa ƙarafa, da bayanin inda yake, wa kamfani da jami'an tsaro ake kai shi. Sa shi a Facebook nuna wa ɓarawo hanya ne.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata don irin waɗannan hotuna daga masu karatu, da sharaɗin kowane ya zo da sunan gari da unguwa da ranar da aka ɗauke shi da irin layin, kuma a ƙi karɓar duk wanda ya nuna an hau turke ko an shiga shinge kafin a same shi. Masu aikowa su turo fayil na asali wanda dogon gefensa bai gaza ɗigo (fiksel) 2000 ba, wanda zai ba da faɗin santimita 25 a takardar jarida. A wajen bugawa kuma a ba hoton faɗin ginshiƙi uku aƙalla, domin in aka ƙanƙanta shi takarda takan shanye siraran wayoyin, a bar falwaya tsaye ita kaɗai.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Kano